Ta Wace Ƙofa Bishara ta Shigo Sakkwato?



Da yawa cikinmu mukan bi ta Ƙofar Dundaye a kan kabu-kabu ko cikin keke, hankalinmu yana can inda za mu, ba ma tunawa cewa sunan nan yana da tushe. Ƙofa ce ta gaske. Sa'ad da Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato a 1809 an kewaye shi da ganuwa, daga baya aka faɗaɗa ta, aka bar ƙofofin shiga da fita. Akan lissafa guda takwas: Kade, Kware, Rini, Dundaye, Taramniya, Aliyu Jeɗo, Marke da Atiku. Wannan da muke magana ta ɗauki sunan Dundaye, garin da ke ƙetaren gulbi, wajen da mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yake a yau. Ganuwar ta zube, gari ya tsallake ta ya bazu ko'ina, amma sunayen ƙofofin suna nan a bakin kowa.

Aikin ganuwa shi ne ta nuna wane ne na ciki, wane ne na waje. In rana ta faɗi aka rufe ƙofa, wanda ya makara sai ya kwana a baya. To, mu ma da muke sujada a wannan birni muna da tambayar da ta shafi ƙofa. Bangaskiyar nan da muke furtawa kowace Lahadi, ta wace ƙofa ta shigo ƙasar Sakkwato, kuma su wane ne suka ɗauko ta? Amsar ba ta da ado ko kaɗan, amma tana da abin da za ta gaya mana game da yadda za mu zauna da maƙwabtanmu.

Abin da muke gaskatawa ba ɓoyayye ba ne. Mun gaskata cewa mutum ba ya iya fansar kansa, kuma Allah ya tanada hanyar ceto guda ɗaya tak, wato mutuwar Yesu Almasihu a kan gicciye da tashinsa daga matattu. Ku buɗe Ayyukan Manzanni 4:12 da Yohanna 14:6 ku karanta da kanku. Ku haɗa da Afisawa 2:8-9, inda Bulus ya nuna cewa ceton nan kyauta ne, ba ladan aiki ba, don kada wani ya sami abin taƙama. Galibinmu mun haddace ayoyi biyu na farko. Ta ukun ce mukan tsallake, ita ce kuwa take sa wa biyun linzami.

Bari mu koma shekara ta 1824. A watan Maris na wannan shekara wani jami'in sojan ruwan Ingila, Kyaftin Clapperton, wanda har yau akwai titi da sunansa a garin nan, ya iso Sakkwato bayan ya ƙetare Sahara daga Tarabulus ya bi ta Borno da Kano. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karɓe shi da karamci. Bello malami ne mai zurfin karatu, ya san tarihin ɗariƙun Kirista na dā daga littattafan Larabci. Cikin hirarsu sai ya tambayi baƙon ko mutanen ƙasarsu mabiyan Nastoriyas ne ko kuwa mabiyan Sosinas. Clapperton da kansa ya rubuta cewa tambayar ta ɗaure masa kai. Ya amsa cewa su Furotestan ne, da tambayoyi suka ci gaba kuwa ya amsa cewa shi bai ƙware a irin wannan ilimi ba.

Mu lura da abin da Bello ya tambaya. Gardamar Nastoriyas, wadda majalisar ikilisiya ta zauna a kanta a Afisa a shekara ta 431, a kan yadda allahntaka da mutuntaka suka haɗu cikin Almasihu ne. Sosinas kuwa, wanda ya mutu a ƙasar Folan a 1604, ya musanta Triniti, ya kuma musanta cewa mutuwar Yesu biyan bashin zunubi ce. Wato tambayar da aka yi wa Kirista a fadar Sakkwato shekara ɗari biyu da suka wuce ita ce: wane ne Yesu a wurinku, me kuma mutuwarsa ta yi? Mai tambaya ya yi karatu, mai amsa bai yi ba. Ba mu ga laifin matuƙin jirgin ruwa ba, don ba wa'azi ya kawo shi ba. Amma ɗalibanmu da ke jami'a da kwalejoji su san cewa har yanzu wannan tambaya ce abokan ajinsu suke yi, kuma da yawa cikin masu tambayar sun yi shiri fiye da mu.

Clapperton ya komo a 1826, cikin kyautar da ya kawo wa Bello har da Sabon Alkawari da Zabura cikin Larabci. Ya rasu kusa da Sakkwato a watan Afrilu na 1827. Littafin ya shiga fada, amma ba a ji wata ikilisiya da ta tsiro daga wannan kyauta ba.

Masu bishara na farko da suka nufo ƙasar Hausa da gangan sun sha wuya ƙwarai. A 1893 samari uku, Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka a Ikko da niyyar shiga cikin ƙasar Sudan. Kafin shekara ta 1894 ta ƙare, Gowans ya mutu a Girku, Kent ya mutu a Bida. Bingham kaɗai ya tsira, daga gare shi ne mishan ɗin SIM ya tsaya da ƙafafunsa. A 1900 Bishof Tugwell na mishan ɗin CMS ya kai har Kano da 'yan tawagarsa, Sarki Alu ya ce su fita. Cikin wannan tawaga akwai Likita Mila, wanda daga baya ya sami zama cikin birnin Zariya a 1905. Sakkwato kuwa ba wanda ya kusance ta.

Sai Turawan mulki suka zo da bindiga. Ranar 15 ga Maris 1903 aka gwabza a Giginya, bayan ganuwa, birni ya faɗi. Bayan 'yan kwanaki Gwamna Lugga ya tara manyan gari ya yi musu jawabi, a ciki ya yi alkawari cewa gwamnati ba za ta sa baki cikin addinin Musulunci ba. Razdan-razdan da suka biyo baya suka fassara alkawarin da faɗi, suka hana 'yan mishan buɗe tasha a ƙasashen sarakunan Musulmi sai da yardar sarki da ta razdan, yardar kuwa da wuya ta samu. Wannan ya ɗauki fiye da shekara talatin.

Mukan ji ana ba da labarin nan a majami'u da ɓacin rai, a ce Turawa sun toshe wa bishara hanya. Akwai gaskiya a ciki. Amma a ganinmu akwai jinƙan Allah a ciki kuma. Ku yi tunani, mutanen da aka ci da yaƙi, sarkinsu Attahiru ya yi hijira aka bi shi har Burmi aka kashe shi a watan Yuli na wannan shekara, in da washegari aka kafa majami'a a ƙofar fada ƙarƙashin tsaron soja, da wane suna bisharar za ta ɗauka a garin nan har abada? Da an ce addinin mai bindiga ne, kuma da ba mu da bakin musu. Saƙon da ke cewa ceto kyauta ne ba ya shiga daidai in an rako shi da igwa.

Cikin waɗannan shekaru akwai Kirista a lardin Sakkwato, amma baƙi ne: akawuna, ma'aikatan gidan waya, 'yan kasuwa daga kudu, da waɗanda jirgin ƙasa ya kawo Gusau da Ƙauran Namoda bayan layin dogo ya kai can a 1929. Suna sujada a tsakaninsu, cikin harsunansu. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, aikin da Likita Mila ya ba shekaru masu yawa tare da abokan aikinsa. Littafi ya samu, sai dai ƙofar kai shi ga masu harshen tana rufe.

Abin da ya buɗe ta, kuturta ce.

Matasan yau ba su san nauyin wannan kalma ba, don ba su ga abin da kakanninmu suka gani ba. A wancan zamani arewacin Nijeriya yana cikin wuraren da cutar ta fi yawa a duniya. Takan fara da tabo mai haske a fata wanda ba ya jin zafi ko taɓi, ta kashe jijiyoyi a hankali, mutum ya ƙone ko ya taka ƙaya bai sani ba, gyambo ya kama, yatsu su gutsure. Mu yi adalci a nan: al'ummar Hausa ba ta kori kutare zuwa jeji kamar yadda muke karantawa a Littafin Firistoci sura 13 ba. Suna da unguwanninsu, suna da Sarkin Kutare, Musulmi suna ba su sadaka saboda Allah. Amma matsayinsu sananne ne, wato bakin kasuwa, bakin masallaci, bakin ƙofar gari, da ƙoƙon bara. Ana ba su, ba a cin abinci da su. Karin maganar nan da ke cewa kuturu da kuɗinsa alkaki sai na ƙasan kwano, ai tana nuna cewa in ba kuɗin, ba mai barinsa ya miƙa hannu.

Hukumomin En'e sun buɗe sansanonin kutare, amma ba likitoci da masu jinya da za su zauna a ciki. Gwamnatin mulkin mallaka ba ta da ma'aikata, ba ta kuma son kashe kuɗi. Waɗanda suka yarda su zauna su ne 'yan mishan. Don haka daga wajen 1937 aka yi yarjejeniya, SIM ta karɓi kula da manyan sansanonin larduna: na Katsina a Babbar Ruga, na Kano wanda ya zauna a Yadakunya, da namu na Sakkwato a Amanawa, cikin ƙasar Dange-Shuni ta yau. Kuɗin aikin ya fito daga wurare dabam-dabam, har da ƙungiyoyin taimakon kutare na Ingila da Amurka, har kuma da baitulmalin En'e. Kada mu manta da wannan na ƙarshe. Harajin talakawa Musulmi da yardar sarakunansu suna cikin harsashin wurin da aka fara wa'azin bishara da Hausa a fili a waɗannan larduna. Wanda ya ba da tarihin nan kamar yaƙi ne tsakanin mu da su, ya bar rabinsa a baya.

Rayuwa a irin waɗannan sansanoni ba ta da daɗin kallo. Maganin da ake da shi a lokacin man ƙwayar wani itace ne na ƙasar Indiya da ake kira calmugura. Ana yin allurarsa a ƙarƙashin fata, mako bayan mako, shekara bayan shekara, da zafi mai tsanani, warkewa kuwa ba tabbas. Sauran aikin wanke gyambo ne da ɗaure shi, kullum. Masu sauran ƙarfi suna noma don ciyar da sansani. Akwai ajin koyon karatun boko, akwai kuma sujada. Mutumin da shekara goma ba wanda ya riƙe hannunsa, sai ga wani ya durƙusa yana wanke masa ƙafa.

A nan ne koyarwarmu ta nuna abin da ke cikinta. Waɗannan 'yan mishan ba masu sassauci ba ne wajen akida. Sun gaskata da dukan zuciyarsu cewa ba ceto sai ta wurin Almasihu, shi ya sa suka bar ƙasashensu. Mutum zai zaci irin wannan tsauri zai sa su nisanci wanda ba nasu ba. Sai ga shi ya kai su inda ba mai son zuwa. Dalili kuwa a fili yake. In ceto ta wurin Almasihu ne kaɗai, to, ba ta wurin asali ba ne, ba ta wurin sarauta ba, ba ta wurin ilimi ko cikar yatsu ba. Kalmar “kaɗai” tana rushe dukan sauran matakalai da mutum yake hawa don ya fi ɗan'uwansa. Basarake da kuturu, Bature da Bahaushe, duka da hannu wofi suke zuwa. In kuwa jinin Ɗan Allah ne kuɗin fansar mai bara a bakin ƙofa, wa ya isa ya ce ba shi da daraja? Markus 1:40-42 ya gaya mana cewa Yesu ya miƙa hannu ya taɓa kuturun kafin ya warke. Da ya so, da magana kawai ta isa, kamar yadda ya warkar da waɗansu daga nesa.

Akwai labari a 2 Sarakuna sura 7 da ya kamata kowane Kiristan Sakkwato ya sani. An kewaye Samariya da yaƙi, yunwa ta kai intaha. Kutare huɗu suna zaune a bakin ƙofar birni, ba su ciki, ba su waje. Su ne suka tarar Allah ya kori abokan gaba, su ne suka ci suka ƙoshi, sa'an nan suka tuna cewa ba daidai ba ne su yi shiru, suka komo suka kira masu tsaron ƙofa. Sarki bai gaskata ba da farko. Labari mai daɗi ya shiga birnin daga bakin waɗanda birnin ya ajiye a ƙofa. Marubucin Ibraniyawa ma, a sura 13, ya tuna mana cewa a bayan ƙofar birni Yesu ya sha wuya, ya kuma kira mu mu fita mu same shi a can. Clapperton ya kai littafi fada. Amma mutanen ƙasar nan na farko da suka karanta shi da Hausa suka ba da gaskiya, da yawansu masu ɗaure da bandeji ne.

Yanzu sai mu faɗi ɓangaren da ba a cika faɗa a ranar bikin mishan ba. Mara lafiya ba shi da cikakken 'yanci a gaban mai magani. Sa'ad da hannun da ke riƙe da allura shi ne ke riƙe da Littafi, da wuya mai gyambo ya ce ba ya son jin wa'azi. Sarakuna sun ga wannan, sun kuma yi ƙorafi, musamman a kan yara da ke girma a sansani nesa da iyayensu. Gwamnati ta sa sharuɗɗa: zuwa sujada ya zama na ganin dama, kada kuma a koya wa yaran Musulmi 'yan ƙasa da shekara 18 addinin Kirista. 'Yan mishan da yawa sun ɗauki wannan a kan tsanantawa, gardama ta yi ta tashi shekara da shekaru. Mun fahimci zafin zuciyarsu, tun da sun gaskata rai na har abada ne a kan ma'auni. Duk da haka, damuwar uban da aka kai ɗansa neman magani ya komo da wani addini ba abin rainawa ba ce. Mu ma iyaye ne, mun san yadda muke ji in labarin ya juyo ta wajenmu.

Koyarwar da muke riƙe da ita ce da kanta take hana mu sayar da taimako. Na'aman ya warke daga kuturta, ya kawo dukiya, Elisha ya ƙi karɓa, don kada baƙon ya koma Suriya da tunanin cewa alherin Allah yana da farashi. Gehazi ya bi shi a guje ya karɓa, kuturtar ta koma kansa. A Luka 17 Yesu ya warkar da goma, ɗaya ne ya komo ya yi godiya, shi ma Basamariye. Ubangiji ya tambayi inda taran suke, amma bai janye warkarwarsu ba. Sun tafi da sabuwar fata. Duk lokacin da muka raba shinkafa ko muka biya kuɗin makarantar wani da sharaɗin sai ya zo majami'a, mun mai da kyauta ciniki, mun kuma koya masa ƙarya game da Allah. Tuban da yunwa ta saya ba ya wuce ranar da buhu ya ƙare. Mu yi alheri a sake, mu faɗi bishara a fili ga mai son ji, kada mu ɗaure ɗaya da igiyar ɗaya.

Wani gurbin kuma shi ne tsakanin 'yan mishan da masu bi baƙar fata. Waɗanda suka yi wa'azi cewa kowa daidai yake a gindin gicciye, da yawansu suna da nasu gidaje can gefe, nasu teburin cin abinci, kuma sun daɗe kafin su miƙa ragamar ikilisiya. Sai a 1954 ikilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka tsaya da sunan ECWA. Mutum yana iya riƙe koyarwa daidai a kansa, ta ɗauki shekara arba'in kafin ta sauko zuwa teburinsa.

Waɗanda suka ba da gaskiya a sansani sun biya da tsada. Wanda aka sallama ya koma gida da tabo biyu, na cuta da na sabon addini. Waɗansu sun rasa aure, waɗansu gado, waɗansu suka gwammace su zauna kusa da sansanin su yi noma. A ƙarshen shekarun 1940, a Uzuakoli can gabashin Nijeriya, Likita John Lowe ya tabbatar cewa ƙwayar dafson mai araha, wadda ake haɗiya, tana maganin cutar. Wannan ya canza kome. Ba sai an tsare mutum shekaru a sansani ba, ana iya ba shi magani a ƙauyensu. Aka buɗe ƙananan wuraren shan magani a karkara, waɗanda suka riƙe da yawa daga cikinsu kuwa tsofaffin majiyyata ne da suka koyi karatu da aikin jinya a sansani. Su suka zama malaman asibiti, malaman makaranta da masu bishara. Haka aka yi a ƙetaren iyaka ma, a ƙasar Nijar, inda SIM ta buɗe asibitin Galmi a 1950, ta kuma buɗe na kutare a Danja bayan 'yan shekaru. Akwai gidajen Kirista Hausawa a yau, masu digiri da motoci, waɗanda in aka bi salsalarsu za a tarar da kaka mai guntayen yatsu. Waɗansu jikokin suna ɓoye wannan. Bai kamata ba.

'Yan'uwanmu Katolika sun shigo ta tasu hanya. Limaman Dominikan daga Amurka suka karɓi yankin Sakkwato a 1953, suka fara da Gusau, a 1964 ya zama dayosis. A shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitoci da makarantun mishan, Amanawa ma ta koma hannun hukuma.

To, ina muke yau? Mu fara da cikin gida. Majami'unmu a Sakkwato cike suke da mutanen Zuru, kudancin Kaduna, Filato, Binuwai, Yarabawa da Ibo, abin godiya ne. Amma ku duba yadda zaɓen dattawa yake tafiya, da yadda maganar aure takan tsaya in an ji ƙabilar yaro. Ku duba kuma yadda ake karɓar Bahaushe ko Bafulatani da ya ba da gaskiya. Gidansu sun rufe masa ƙofa, mu kuma muna kallonsa da wutsiyar ido, muna raɗa cewa ko ɗan leƙen asiri ne, ko kuɗi yake nema. Hattara tana da kyau a garin da muke, ba mu musa ba. Amma in mun ce Almasihu kaɗai, sa'an nan muka ƙara da cewa sai kuma ka zama ɗan ƙabilarmu, mun koma matsalar da Bulus ya tsawata wa Bitrus a kanta a Antakiya, cikin Galatiyawa sura 2, sa'ad da Bitrus ya janye daga cin abinci da al'ummai.

Sai kuma waje. Ba wanda ya manta ranar 12 ga Mayu 2022, da aka kashe 'yar'uwarmu ɗaliba a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari bisa zargin saɓo, bayan wani saƙon murya a zauren WhatsApp na ajinsu. Kisan gilla ne, ba shi da wani suna. Majalisar Sarkin Musulmi ta yi tir da shi, Bishof Kukah ma haka. Bayan kwana biyu zanga-zanga ta ɓarke, aka kai hari a kan majami'u, har da babbar majami'ar Holy Family, gwamnati ta sa dokar hana fita. Tun daga lokacin muna ganin matasanmu sun rabu biyu. Waɗansu tsoro ya sa sun haɗiye shaidarsu, in an tambaye su sai su ce ai duk hanya ɗaya ce. Waɗansu kuma fushi ya sa sun mai da Yohanna 14:6 dutsen jifa a Facebook, suna rubuta shi da dariyar ƙeta, kamar suna murna wani zai hallaka.

Na farkon sun yi wa maƙwabcinsu ƙarya, shi kuwa maƙwabcin ya sani, don shi ma bai gaskata duk hanya ɗaya ce ba. Musulmi mai riƙon addini ya fi ganin girman Kirista mai faɗin abin da ya gaskata cikin ladabi fiye da mai lanƙwasa harshe. Na biyun kuwa sun manta yadda su kansu suka shiga. Wanda aka tsamo daga rijiya ba ya tsayawa a baki yana yi wa na ciki gwalo. Bitrus, wanda ya furta maganar nan ta Ayyukan Manzanni 4:12, ya faɗe ta ne yana tsare a gaban majalisa, saboda ya warkar da gurgu mai bara a bakin ƙofar Haikali. Shi ne kuma ya rubuta daga baya, a 1 Bitrus 3:15-16, cewa mu kasance a shirye da amsa, amma da tawali'u da ladabi. Faɗin abin da muka gaskata game da Yesu ba ya bukatar zagin abin da wani yake girmamawa. Neman a hukunta masu kisa kuma haƙƙinmu ne na 'yan ƙasa, ba ya hana mu yi wa maƙiyi addu'a.

Masu zama a bakin ƙofa ba su ƙare a garin nan ba. Akwai Asibitin Yara na Noma (ba noman gona ba, cuta ce mai cin fuskar yaran da yunwa ta raunana), wanda aka buɗe a nan Sakkwato a 1999, inda Likitoci Na-gari Na-kowa suke taimakawa tun 2014. Akwai mata masu yoyon fitsari da mazajensu suka sake su saboda wari. Akwai waɗanda 'yan bindiga suka koro daga Sabon Birni, Isa da Rabah, suna kwana a kangaye. Akwai almajirin da ke tsaye da roba a ƙofar gidanmu da safe. Kusan dukansu Musulmi ne, kamar yadda kusan dukan majiyyatan Amanawa suke a wancan lokaci, kuma mafi yawansu ba za su taɓa taka majami'a ba. Yawancin waɗanda aka wanke wa gyambo a Amanawa ma sun koma gida da addininsu. An dai wanke.

Amanawa tana nan har yau, asibitin gwamnati ne, a can ma aka killace masu korona a 2020. Kuturta ba ta ƙare a Nijeriya ba, ana samun sababbin masu ita kowace shekara. Tun farkon shekarun 1980 ake ba da haɗin magunguna da ke kashe ƙwayar cutar cikin wata shida zuwa goma sha biyu, kyauta ne, wanda ya fara sha kuma ba ya yaɗa ta. Abin da ke sa mutane latti har yatsu su lalace shi ne kunya, don haka duk wanda ya ga tabo mai haske da ba ya jin taɓi a jikinsa ko na ɗan gidansu, ya je asibiti da wuri. A kewayen asibitin akwai tsofaffi da suka warke tun da daɗewa amma ba su da inda za su koma. Lahadin ƙarshe na watan Janairu ita ce ranar tunawa da masu wannan cuta a duniya. Daga cikin gari zuwa can ba wata tafiya ba ce, mota ɗaya ta ishi kwamitin zumunta. In za ku je, ku fara neman izinin hukumar asibitin, ku tafi da sabulu, man shafawa da takalma masu taushi, ku kuma shirya zama ku ci abinci tare da su.